An ce ban cancanci tallafin masu nakasa ba: in sake nema ko in haƙura?

Assalamu alaikum Anti. Ni magidanci ne, shekarata 38, ina da mata da 'ya'ya uku. Shekara huɗu ke nan likitan ƙwaƙwalwa yana duba ni kan matsanancin ciwon damuwa da fargaba, ina kan magani. Da ina aikin lissafi a wani kamfani, amma bara suka sallame ni saboda yawan fashi da kurakurai. Akwai ranakun da ko tashi daga gado yakan gagare ni, sai in kwana uku ban yi wanka ba in ba matata ta matsa ba. Wata ma'aikaciyar asibiti ta ba ni shawarar in nemi tallafin da gwamnati ke bai wa masu nakasa. Na cike fom, aka kira ni tantancewa, na shirya tsaf na je, duk abin da suka tambaya na amsa da ladabi. Sai ga wasiƙa wai ban cancanta ba, tunda ina iya kula da kaina kuma maganata daidai take. Yayana ya ce dama abin kunya ne mai ƙafa da hannu ya shiga layin nakasassu, kuma in sunana ya shiga takardar gwamnati a matsayin mai taɓin hankali, har 'ya'yana abin zai bi. Yanzu ni kaina na fara ganin kamar haƙƙin wasu nake son ci. Wani lokacin har nakan ji gara ma ba na raye, iyalina su huta. In sake nema ne ko in haƙura?

Daga wani ƙaninki.

Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba ka lafiya, ya saka wa maiɗakinka da alheri bisa tsayuwar da ta yi maka.

Kafin mu taɓa maganar fom, akwai wadda ta fi ta gaggawa, wato wadda ka ajiye can ƙarshen wasiƙarka, cewa kakan ji gara ba ka raye. Wannan tunanin yana cikin alamomin ciwon da kake fama da shi, kuma likita yana da abin yi a kai, amma fa sai ya sani. Ka faɗa masa a cikin makon nan, kada ka jira ranar da aka rubuta maka a kati. Ka faɗa wa matarka, ka damƙa mata magungunanka ta riƙa ba ka na kowace rana. In har wata rana ka ji abin ya wuce saƙar zuci ya koma shirin yadda za ka aikata, to a ranar za a kai ka sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, ko da tsakar dare ne. Iyalinka ba su da wani hutu a rashinka. Ciwon ne ke raɗa maka haka, kuma haka yake raɗa wa da yawa daga cikin waɗanda ya kama.

Sai tambayarka. Kada ka haƙura, kuma kada ka yi saurin buɗe sabon nema daga farko. Wannan hukuncin da aka yanke shi za ka ƙalubalanta. Ɗauko wasiƙar yau ɗin nan, ka duba kwanan watan da ke kanta da wa'adin da aka ba ka na neman a sake dubawa, domin wa'adin gajere ne kusan a ko'ina. Ba ka faɗi ƙasar da kake ba, don haka zan riƙa kawo misalai daga wasu ƙasashe. A Birtaniya wata ɗaya ake bai wa masu neman tallafin nakasa da suke kira PIP, a Amurka kuwa kwana 60. Ko da ba ka gama haɗa takardunka ba, ka shigar da buƙatar a rubuce cewa ba ka yarda da hukuncin ba kuma ƙarin shaida na tafe, ka ajiye kwafi. Amfanin bin wannan hanya shi ne, a tsare-tsare da dama, in ka yi nasara ana lissafa haƙƙinka ne daga nemanka na farko. Wanda ya buɗe sabon nema ya yafe watannin da suka wuce ke nan. In ma wa'adin ya riga ya wuce, duk da haka ka rubuta ka bayyana dalili, saboda hukumomi da yawa suna karɓar ƙorafin da ya makara in akwai uzuri mai ƙarfi, kuma rashin lafiya uzuri ne.

Ƙin farko ba ya nufin an kama ka da ƙarya. A Amurka mafi yawan masu neman tallafin nakasa ƙin su ake yi a zagayen farko. A Birtaniya, cikin waɗanda suka jure har suka kai ƙararsu ta PIP gaban kotun sauraron ƙorafi, fiye da rabi ke yin nasara. Mutanen su ne, ciwon shi ne, abin da yakan canja shi ne bayani da shaida da kuma wanda ke saurare.

Batun cin haƙƙin wasu kuwa, cire shi daga ranka. A shekarar 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin masu nakasa, ta fara aiki a 2008, kuma ƙasashe fiye da 180 sun amince da ita. Sashenta na farko da ya zo bayanin su wane ne masu nakasa, ya jero masu larura mai ɗorewa ta jiki, da ta ƙwaƙwalwa, da ta fahimta, da ta gani ko ji, duk a layi ɗaya. Sashe na 28 kuma ya tabbatar musu da haƙƙin samun tallafin rayuwa. Ba a samu wannan a sauƙaƙe ba. Har a 2017 gwamnatin Birtaniya ta yi wa ƙa'idojinta gyaran da ya rage wa waɗanda tsananin firgici ke hana su fita makin da ake ba su wajen tantancewar PIP, sai da babbar kotu ta ce wannan wariya ce ga masu larurar ƙwaƙwalwa, gwamnatin ta dawo tana sake duba fayil wajen miliyan 1.6. Wato akwai waɗanda suka yi shari'a domin irinka su samu shiga. Makaho da gurgu ba su rasa komai don an ba ka. Mutumin da ya yi shekaru yana aiki, ciwo ya raba shi da aikin, yana da fayil na shekara huɗu a asibiti, ai domin irinsa aka yi tsarin.

To me ya sa aka ƙi ka? Amsar tana cikin wasiƙarka. Ka ce ka shirya tsaf, ka amsa komai da ladabi. Na tabbata da aka tambaye ka ko kana iya wanka da kanka ka ce e, ko kana iya fita ka ce e, ko yaya jiki ka ce da sauƙi. Ba ƙarya ka yi ba, mutunci ka kare, abin da ka saba yi a gaban kowa tsawon shekara huɗu. Sai dai mai tantancewa abin da ya gani da abin da ya ji kawai yake rubutawa. Ya ga mutum fes yana magana dalla-dalla na ɗan lokaci, bai ga daren da mutumin ya kwana ido biyu saboda fargabar zuwa ba, bai ga kwanakin da ya yi a kwance bayan ya koma gida ba. Karayar ƙafa tana fitowa a hoto. Naka ciwon ba shi da hoto, ba shi da gwajin jini, bakinka ne da takardunka za su nuna shi. Hausawa suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abu na biyu, sunan ciwo kaɗai ba ya ba mutum tallafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 280 ke fama da ciwon damuwa, kuma da yawansu suna aikinsu suna riƙe gidajensu. Shi ya sa abin da hukumomi ke aunawa shi ne abin da ciwon ya hana ka yi, da tsawon lokacin da ya ɗauka yana hanawa. A Amurka sai larurar ta kai wata 12 ko ana sa ran za ta kai. A Birtaniya sai ta yi wata uku kuma ana sa ran za ta ƙara tara. Ta wannan ɓangaren kai ka wuce. Inda aikinka yake shi ne bayanin abin da ka kasa. Hukumar tallafin Amurka tana duba fannoni huɗu ga mai larurar ƙwaƙwalwa: fahimta da tunawa da aiki da abin da aka faɗa masa, mu'amala da mutane, tattara hankali da jurewa kan aiki har ya ƙare cikin lokaci, sai kula da kai da iya jure sauyi. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar mai suna WHODAS shi ma kusan haka yake, yana tambaya ne kan wahalar da mutum ya sha a kwana 30 da suka wuce wajen tunani, da zirga-zirga, da tsaftar jiki, da zama da mutane, da ayyukan gida da na ofis, da shiga harkokin jama'a. Duk ƙasar da kake, tambayoyin fom ɗinka ba za su yi nisa da waɗannan ba.

Akwai wata ƙa'ida a tsarin Birtaniya da nake so ka riƙa auna amsoshinka da ita, ko da ba a rubuta ta a naka fom ɗin ba, saboda ita ce ta fi yi wa mai irin ciwonka adalci. A wurinsu ba a cewa mutum yana iya abu sai in yana iya yin sa ba tare da haɗari ba, ya yi shi yadda ya kamata, ya maimaita shi duk lokacin da ake buƙata, kuma cikin lokacin da bai wuce ninki biyu na wanda mai lafiya ke ɗauka ba. Sannan suna duba abin da ke faruwa a fiye da rabin kwanaki. Kuma wanda ba ya yin abu sai an tuna masa ko an lallaɓa shi, ana lissafa shi a matsayin mai buƙatar taimako. Ka gwada da tambayar wanka. Amsar gaskiya ita ce wani abu kamar haka: hannuna yana iya yi, amma a mako kwana kaza ba na yi sai matata ta yi ta magana, ta haɗa ruwa, ta tsaya a kaina, in ba ta nan nakan kwana uku a haka. Tambayar kuɗi ma haka. Kai da lissafi ne sana'arka, in yanzu takardar biyan kuɗi takan yi makonni ba ka buɗe ta ba, ko ka karanta layi ɗaya sau biyar bai zauna ba, faɗi hakan, ka kawo misali na ranar da abin ya faru da abin da ya jawo. Kowace amsa ta ƙunshi sau nawa, wa ke taimaka maka, da abin da ke faruwa in babu mai taimakon.

Za ka ji masu cewa ka bayyana ranarka mafi muni kamar kullum haka kake. Ban yarda da wannan shawarar ba. Ƙari a kan gaskiya zalunci ne, kuma yana karya mai shi, domin da an ga abu ɗaya ya saɓa da fayil ɗin asibiti sai a daina yarda da sauran. Ka faɗi ranakun da kake samun sauƙi, ka faɗi yawansu, ka faɗi abin da kake iya yi a cikinsu da abin da yakan biyo baya. Gaskiyarka ta isa, matsalar dai ba ka faɗe ta ba.

Don kada ka dogara da tunawa, wadda ciwon ma yakan raunana, ku buɗe littafi kai da matarka daga yau. Layi uku ko huɗu a rana sun wadatar: ƙarfe nawa ka yi barci, ka tashi daga gado ko a'a, ka ci abinci da kanka ko sai da aka matsa, ka fita ko ka fasa, fargaba ta taso ko ba ta taso ba. Ranar da ka kasa rubutawa ita ta rubuta. In aka yi wata guda ana haka, za ka sha mamakin abin da zai fito, kuma shi za ka riƙe a gaban likita da gaban masu tantancewa.

Maganar likita tana buƙatar a tsaya a kanta. Ina zargin yadda ka amsa wa mai tantancewa haka kake amsa wa likitanka, ya ce yaya jiki ka ce da sauƙi, shi kuma ya rubuta cewa ana samun ci gaba. Wannan fayil ɗin shi hukuma ke karantawa. Ka je masa da littafin, ka nuna masa wasiƙar ƙin, ka roƙe shi rahoto. Rahoton da ya tsaya a kan sunan ciwo da jerin magunguna ba zai ɗaga maka komai ba. Wanda ake buƙata shi ne mai bayyana tun yaushe yake duba ka, magungunan da aka gwada da yadda suka yi, ko an taɓa kwantar da kai, me kake kasawa a harkokin yau da kullum, da ra'ayinsa kan ko za ka iya riƙe aiki kullum-kullum a halin yanzu. A sa illolin magani a ciki in akwai, irin su yawan barci, jiri, rawar hannu ko nauyin kai, domin su ma suna cikin lissafi. In akwai lokutan da ka yi fashin zuwa asibiti, a bayyana dalili, ko rashin kuɗi ne ko ciwon ne ya hana ka fita, don kada a ɗauka warkewa ka yi. Kuma ina roƙonka, kada ka daina shan magani don a gan ka a birkice ranar tantancewa. Yanke irin waɗannan magunguna farat ɗaya yana da haɗari, sannan ga hukuma mai bin magani amma ciwon bai sake shi ba ya fi hujja.

Takardar sallamarka daga aiki, da duk wata takardar gargaɗi da suka ba ka kan fashi da kurakurai, kada ka yar da su don suna ɓata maka rai. Shaida ce daga mutanen da ba su da wata riba a cikin nemanka. Matarka ta rubuta nata bayanin a shafi ɗaya ko biyu, abin da take yi maka daga safe zuwa dare, da bakinta, ba tare da ado ba. Ka kuma nemi a ba ka kwafin rahoton da mai tantancewa ya rubuta a kanka, ku bi shi layi-layi, duk inda ya saɓa da gaskiya ku nuna ku kawo hujja. Kada ka miƙa asalin kowace takarda ba tare da ka riƙe kwafi ba.

In aka sake kiran ka, ka nemi a bar matarka ta shiga tare da kai. Ka je yadda ka saba kasancewa, ba sai ka ƙazantar da kanka ba, ba kuma sai ka yi kwalliyar da ba ka yi a sauran ranaku ba. In ita ta tashe ka, ta fitar maka da kaya, ta rako ka don ba ka iya zuwa kai kaɗai, faɗa musu tun kafin su tambaya. In tambaya ta shige maka ka ce a maimaita. In kuka ya zo, ya zo.

Wannan aiki ne mai yawa ga mutumin da tashi daga gado ke gagara, na sani, kuma babban aibin irin waɗannan tsare-tsare ke nan, suna neman ƙarfi daga wanda rashin ƙarfin ne ya kawo shi. Saboda haka kada ka ɗauka kai kaɗai. Koma wurin ma'aikaciyar da ta fara ba ka shawara, ka tambaye ta wa ke taimaka wa marasa lafiya da irin wannan ƙorafi. Ƙungiyoyin masu nakasa da ofisoshin ba da taimakon shari'a kyauta sun san ƙa'idojin ƙasarka dalla-dalla. Duk wanda ya ce ka ba shi wani abu ya shigar da sunanka ta bayan fage, ko ya samo maka takardar likita, ka guje shi.

Yayanka kuma, ina kyautata masa zaton tsoro ne ya sa shi magana, tsoron bakin mutane. Tsoron ba na banza ba ne, har yanzu ana nuna wa masu larurar ƙwaƙwalwa yatsa. Amma fayil ɗin tallafi bayanin lafiya ne, kuma sashe na 22 na waccan yarjejeniyar ya wajabta a kare sirrin bayanan lafiyar masu nakasa kamar na kowa. Kana da damar tambayar ofishin, a rubuce, su wa ke iya ganin fayil ɗinka. Karɓar tallafi shi kaɗai ba ya ƙwace maka ikon sa hannu a takarda ko riƙe iyalinka. Abin da ke akwai a wasu tsare-tsare, kamar na Amurka, shi ne in aka ga mutum ba ya iya sarrafa kuɗi sai a naɗa wani amintacce ya riƙa karɓa a madadinsa, kuma wannan hukunci ne daban da ake yanke shi da hujjarsa. 'Ya'yanka kuwa, abin da zai taɓa su a zahiri shi ne gidan da babu abin shigowa da uban da ya kasa sayen magani. In Yaya zai yarda, ka tafi da shi wurin likita sau ɗaya ya ji da kunnensa. In bai yarda ba, ka ci gaba da girmama shi, ka daina kai masa rahoton wannan maganar.

Ba zan yi maka alƙawarin za a ba ka ba, kuma ko an ba ka, abin yakan ɗauki watanni, sannan da wuya ya kai albashin da ka rasa. Siffarsa ma ta bambanta. A Afirka ta Kudu akwai tallafin wucin gadi na wata 6 zuwa 12 da kuma na wanda larurarsa za ta wuce shekara. A Indiya dokar 2016 ta lissafa larurar ƙwaƙwalwa cikin nau'o'in nakasa 21, kuma takardar shaidar nakasar da ta kai kashi 40 cikin ɗari ce ke buɗe wa mutum ƙofar yawancin tallafi. Don haka yayin da kake jiran sakamako, ka tambaya ko akwai wani abin da ka cancanta tun yanzu, kamar rangwamen magani ko tallafin masu ƙaramin ƙarfi da na yara.

Kada kuma ka ɗauka neman tallafi ya rufe maka komawa aiki. Ciwon damuwa ana samun sauƙinsa, har mai tsanani, wani lokacin sai an canja magani ko an haɗa da zaman tattaunawa da ƙwararre. Tsare-tsaren ma sun san da haka. A Amurka ana barin mai karɓar tallafin inshorar nakasa ya gwada aiki na wata tara ba tare da an yanke masa ba, PIP na Birtaniya kuwa ana biyan sa ko mutum yana aiki. Ka tambayi yadda naku yake, kuma duk ranar da ka samu sauƙi ko ka fara wani aiki, ka sanar da ofishin da kanka a rubuce, don kada daga baya a ce ka mayar da kuɗin da aka biya ka.